Mindodi shida a adakar kakanmu: ta ina zan fara bincike?

Jikan Kofur, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman taimakon masana, da duk wanda ya taɓa cin karo da irin abin da zan bayyana. A watan jiya, bayan sadakar arba'in ta baffanmu, wanda shi ne babba a gidanmu na gado, muka buɗe wata tsohuwar adakar ƙarfe da ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin gadonsa. Tun muna yara mun san adakar ta kakanmu ce, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da igiya biyu a damtse, abin da ya sa har ya koma ga Allah unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Kofur. A ciki mun tarar da allonsa, da takardar sallamarsa daga soja wadda gara ta cinye kusan rabinta, da mindodi shida a ƙulle cikin tsumman rawani.

Uku daga cikinsu a jere suke a kan fil guda. Biyu taurari ne masu tsini shida, launin tagulla, ɗaya an rubuta mata The Burma Star, ɗayar kuma The 1939-1945 Star. Ta ukun zagayayya ce fara, da kan sarki sanye da kambi, a bayanta kuma zaki ya taka wata dabba mai kai biyu. Na duba su ciki da bai, babu sunan kowa a jikinsu.

Ta huɗun ita ce ta hana ni barci. Tana da nauyi a tafin hannu, ta yi baƙi ƙirin, akwai hoton wani sarki mai gemu cikin kayan soja, an zagaye shi da rubutun da na iya karanta Edwardvs VII a cikinsa. A bayanta zaki ne tsaye a kan dutse, ƙarƙashinsa garkuwa da masu, sannan kalmar Ashanti. A saman ƙyallen da ya rage mata, wanda baƙi ne da kore, akwai ɗan ƙarfe a gicciye mai ɗauke da sunan garinmu, amma an rubuta shi Kumassi. Da na karkata ta a hasken rana sai na ga ƙananan haruffa a bakinta: lamba, da Pte, da sunan mutum wanda aka bi shi da Salaga, da G.C.C. Sunan nan ba na kakanmu ba ne, mu kuma abin da muka tashi muka ji shi ne asalinmu Kano.

Ta biyar tauraro ce mai tsini huɗu da wani gicciye a bayansa, gabanta Ashanti 1896, bayanta From the Queen. Ta shida ba ta fi murfin kwalba nauyi ba, hoton wani mutum ne marar gemu, an rubuta Edward VIII da shekarar 1937.

Wani mai sayen tsofaffin kaya ya ji labari, ya zo har zaure ya taya duka shidan a dunƙule da kuɗin da ba su kai na buhun shinkafa biyu ba. Yayana yana ganin a sayar a shigar da kuɗin cikin rabon gado, ƙanena kuma ya riga ya kawo toka da lemon tsami zai goge su su yi haske, na ce kowa ya dakata. Abin da nake so in sani shi ne mene ne kowace ɗaya, ko duk na mutum guda ne, ko gogewa tana ɓata su, da kuma inda mutum irina, wanda ba malamin jami'a ba, zai je ya gano mai sunan da ke bakin ta huɗun. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Makaranta, Nima, Accra

Wa'alaikumus salam warahmatullah. Allah ya jiƙan baffanku, ya kyautata namu bayan nasa. Ɗana, ka yi daidai da ka ce a dakata. Na fi shekara talatin ina tara irin waɗannan abubuwa, kuma bayanin da ka yi ya isa a gane kowace ɗaya ba tare da an ga hoto ba.

Abin da ke hannunka ba kayan mutum ɗaya ba ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Biyar mindodin yaƙi ne, waɗanda hukuma ke ba sojan da ya halarci wani fage a cikin ƙayyadadden lokaci, ta shida kuma lambar tunawa ce, wadda ake bugawa domin wani biki. Tsakanin tauraron 1896 da tauraron Bama akwai kusan shekara hamsin, ka ga ke nan aƙalla mutum biyu ne suka tara su.

Tauraron 1896 na tafiyar da Sir Francis Scott ya jagoranta ne, wadda ta shiga Kumasi a watan Janairun shekarar ba tare da an gwabza ba, aka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya, aka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani tsibiran Seychelles, bai sake taka Kumasi ba sai 1924. Sarauniyar da aka ambata a bayanta Victoria ce, wadda surukinta, Yarima Henry na Battenberg, ya kamu da zazzaɓi a wannan tafiya ya mutu. An raba tauraron ba tare da suna ba, don haka shi kaɗai ba ya nuna mai shi.

Ta huɗun kuwa ta yaƙin 1900 ce, wanda ya tashi bayan da Gwamna Hodgson ya tara sarakunan Asante a ƙarshen watan Maris ya nemi a kawo masa kujerar zinariya, alamar sarautar Asante, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta ja ragamar mayaƙa, aka yi wa ganuwar Turawa da ke Kumasi ƙawanya. Gwamnan ya sulale da mafi yawan mutanensa ranar 23 ga Yuni, ya bar hafsoshi ƙalilan da sojojin Hausawa ɗari da 'yan kai a ciki, yunwa da cuta suna ɗibar su, har Kanar Willcocks ya iso ranar 15 ga Yuli. Ɗan ƙarfen nan mai Kumassi ba kowa aka ba ba, sai wanda aka tsare a ganuwar ko wanda ya shiga ayarin ceto. Sarkin mai gemu Edward na bakwai ne, domin Victoria ta rasu a Janairun 1901 kafin a buga mindar. Ta azurfa ta masu ɗaukar bindiga ce, 'yan dako kuwa ta tagulla aka ba su. Pte na nufin farabiti, G.C.C. kuma ita ce Gold Coast Constabulary, rundunar da mutane ke kira ta Hausawa, wadda aka mayar Gold Coast Regiment a 1901. Tunda rundunar ta shiga tafiyar 1896 ma, akwai kyakkyawan dalili na ɗaukar cewa tauraron da wannan minda na mutum guda ne.

Ukun da ke kan fil su ne na Kofur. Hukumar Ingila ba ta buga suna a kan mindodin yaƙin duniya na biyu ba, saboda haka takardar nan da gara ta ci ita ce kaɗai ke ɗaure su da kakanka, kuma a wurina ta fi taurarin biyu muhimmanci. Ka lallaɓa ta, ka nemo lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa. Sojojin Afirka ta Yamma sun je Bama a runduna biyu, ta 81 da ta 82, kowace da birged ɗin Gold Coast a cikinta. Ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, sannan rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Wani abin lura shi ne babu tauraron Afirka a jerin nasa. Waɗanda suka yaƙi Italiyawa a El Wak da Uaddara a 1940 da 1941 sun sami wannan tauraro, rashinsa kuwa yana nuna cewa Kofur bai je Habasha ba, mai yiwuwa bayan wancan fage ya shiga soja.

Yanzu bari in zo ga 'yar ƙaramar da kowa zai raina, wadda ita ce irin abin da na fi tarawa. Edward na takwas jikan mai gemun ne, shi ne kuma ya ziyarci ƙasar nan a 1925 yana yarima mai jiran gado. Ya hau mulki a Janairun 1936, aka tsayar da 12 ga Mayun 1937 ranar naɗinsa, masana'antu suka buga lambobin tunawa masu araha tun kafin lokaci domin a sayar, a kuma raba wa 'yan makaranta. A watan Disambar 1936 sai ya yi murabus saboda matar da yake son aura, aka naɗa ƙanensa George na shida a ranar da aka tsayar ɗin. Abin da ke hannunka ke nan lambar tunawa da bikin da ba a taɓa yi ba. Ba ta da tsada, don an buga su da yawan gaske, amma ni ban taɓa gajiya da kallon irinta ba. Haka ma kwabo da ɗari da anini masu huda na Afirka ta Yamma na shekarar 1936: akwai masu ɗauke da sunansa, kuma sun yi yawo a kasuwanninmu, alhali a Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba.

Lambar tunawa tana nuna abin da masu mulki suka so a tuna, wani lokaci kuma har da abin da aka so a manta daga baya. Kuɗin Ghana na farko, na 1958, suna ɗauke da kan Kwame Nkrumah da rubutun Latin da ke kiransa wanda ya kafa ƙasa. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 aka fasa gunkinsa, aka fito da sabon sidi a 1967 babu hotonsa. Mahaifina yana da wata lambar bikin samun 'yancin kai ta 6 ga Maris 1957 da ya saya a bakin titi, a kwanakin juyin mulkin ya cusa ta cikin matashin kai saboda tsoro, ba mu gan ta ba sai da aka kwance matashin bayan rasuwarsa. Ita ce mafarin tarina, kuma har yau akwai ɗan zaren rimi maƙale a zobenta wanda ban cire ba.

Maganar sayarwa kuwa, wanda ya taya shida a dunƙule ta huɗun yake nema, sauran rakiya ce.

Maƙerin Farfaru, Alabar, Kumasi

Salamu alaikum. Malam ya gama bayanin tarihi, ni ta wajen ƙarfe zan sa baki, domin sana'ar da na gada ke nan. Ɗan'uwa, ka karɓe tokar nan da lemon tsamin daga hannun ƙanenka. Toka da yashi da man goge ƙarfe duk kankara suke yi, kuma haruffan da ke bakin minda ba su da zurfi, in aka dage da guga sai lambar ta shafe, ita ce kuwa abin da za ka yi bincike da shi. Baƙin da azurfa ke yi ba tsatsa ba ne, ba ya cin jikinta, masu sanin abin ma sun fi son su gan ta da shi. Idan datti ya cika ramukan rubutu, ruwan ɗumi da sabulu marar kaifi da tsumma mai laushi sun wadatar, a tsane ta sosai, kada ruwa ya taɓa ƙyallen. Abin tsoro shi ne kore-koren da ke fitowa kamar gari a jikin tagulla, wannan yana ci, kuma laimar daminar Kumasi ce ke ciyar da shi. Kada a ƙulle su a leda, a sa kowace a ambulan ɗin takarda ita kaɗai, a ajiye a wuri busasshe. Tsohon ƙyallen ko ya zama tsumma kada a jefar, a naɗe shi tare da mindarsa.

Game da jabu, irin ta huɗun faɗinta milimita 36 ne, maganaɗisu ba ya kama ta. Ta gaske da hatimi aka buga ta, don haka gashin gemun sarkin da na wuyan zakin suna fita tsaf. Ta jabu zubi ake yi, sai ka ga ƙananan ramuka kamar na allura a fili, da ɗan layi a baki inda bakin mazubi ya haɗu. Akwai kuma masu kankare sunan asali su sassaƙa wani, ana gane wannan in aka duba kaurin bakin, wajen sunan ya fi sauran siranta. Taku da ta fito daga adakar gida ba ta da wannan matsala, na faɗa ne saboda masu saye a kasuwa.

Akwai abin da ke damuna duk lokacin da aka yi wannan zance. Ina yaro ina hura wa mahaifina zugazugi, na ga tsofaffin sojoji da matan da mazansu suka mutu suna kawo irin waɗannan mindodi tare da sulallan azurfa na da, a narkar a yi zobe da 'yan kunne na aurar da 'ya. Ba wanda ya ɗauki abin laifi, buƙata ce ta kawo su, amma na tuna wata da na riƙe a hannuna ina ƙoƙarin haɗa baƙaƙen sunan da ke gefenta kafin a jefa ta a kasko, ban kuwa gama ba aka karɓe. Tun da maƙerar ta dawo hannuna ban narkar da ko ɗaya ba.

Ɗalibar Tarihi, Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Yaya, ga abin da na koya a wajen neman irin wannan bayani.

Ka riƙe lamba, kada ka dogara da suna. Akawun bariki da kunne yake rubutu, sai Muhammadu ya koma Mama, Ibrahim ya koma Brimah, Alhasan ya koma Allassan, kuma mutum guda yana iya fitowa da rubutu iri uku a takardu uku. Suna na biyu kuma ba na uba ba ne, sunan gari ne ko na ƙabila, shi ya sa rajistocin suka cika da Moshi da Grunshi da Dagarti da Fulani da Kano. Sojan da aka san shi da harba harsashin farko a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na ɗaya, a ƙasar Togo cikin watan Agustan 1914, da sunan Alhaji Grunshi aka rubuta shi. Saboda haka Salaga da ka gani ba ta kore Kano ba, tana iya zama garin da mutumin ya ce daga nan ya fito ranar da aka ɗauke shi. Turawa kuma duk sojan da ya fito daga arewa Bahaushe suke ce masa, domin Hausa ce harshen bariki, har taken rundunar ma Kullum Shiri ne.

Rajistar waɗanda aka ba mindodin yaƙe-yaƙen wancan zamani tana babban gidan adana takardu na Ingila da ke Kew, a jerin da ake kira WO 100, an kuma ɗauki hotonta ana iya duba ta ta intanet. A ciki ake ganin lamba da muƙami da suna, da ko mutum ya cancanci ɗan ƙarfen Kumassi. A gida kuma akwai PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati, mai hedkwata a Accra da reshe a nan Kumasi. Ganuwar da Malam ya ambata tana nan tsaye a Adum, ita ce gidan tarihin sojoji a yanzu, kuɗin mota ɗaya ne daga Aboabo. Don Kofur kuma ka tuntuɓi hukumar 'yan mazan jiya ta ƙasa da lambarsa a hannu.

Akwai abu biyu da nake ganin ya kamata ka shirya musu zuciya. Na ɗaya, da yawa daga waɗanda suka shiga rundunar Hausawa tun zamanin Kyaftin Glover a Ikko bayi ne da suka gudo, ko waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, bariki ta zame musu mafaka. Gidaje da dama sun rufe wannan babi, bincike kuma yakan buɗe shi. Ni ban ga abin kunya a ciki ba, amma ba kowane dattijo ne zai so a faɗa a bainar jama'a ba.

Na biyu, zakin da ke bayan mindar nan alamar nasarar Ingila ce a kan Asante, mutanen da a ƙasarsu aka haife mu, muke kasuwa da auratayya da su. Yaa Asantewaa a Seychelles ta rasu a 1921, ba ta sake ganin Ejisu ba. Kayan zinariyar da sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley suka kwasa daga fadar Asante a 1874 sai a 2024 wasu daga cikinsu suka dawo Manhyia, fadar Sarkin Asante, mafi yawa ma a matsayin aro daga gidajen tarihin Landan. Kuma dangantakar Musulmi da fadar Asante ta girmi mulkin Turawa nesa ba kusa ba, a zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu ma malamai na zaune a Kumasi suna rubuta wasiƙu da layu, har babbar rigar yaƙin Sarkin Asante cike take da layu. Ba ina cewa a ɓoye mindar ba ne, ina cewa in za ka rubuta tarihinta ka rubuta har da waɗanda ke ɗaya gefen bakin bindigar.

Jikan Kofur, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa iyayena girma, ke ma ƙanwata Allah ya ba da sa'ar karatu. Na yi jinkirin dawowa ne saboda na bi shawarwarinku ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Tafo wurin gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage a 'ya'yan Kofur. Idonta ya yi rauni, sai na sa mata ta huɗun a hannu na karanta mata sunan yadda aka rubuta shi. Ta yi shiru, ta sa na maimaita, sannan ta gyara mini furucin ta ce ai kakanta ne, mahaifin Kofur, sunan kuwa laƙabi ne da matan gida ke kiransa da shi, ba wanda muke ji a addu'a ba. Ta ce daga ƙasar Kano ya taso yana yaro tare da fataken goro masu zuwa Gwanja, ya zauna a Salaga a hannun wani maigida, da yaƙin basasa ya watsa garin sai ya gangaro kudu ba shi da kowa, ya shiga aikin bindiga. Na duba na ga a 1892 aka yi wannan yaƙi na Salaga, ka ga lissafin ya zauna daidai da tauraron 1896.

Ba ta riske shi da rai ba, amma ta ce mahaifinta ya sha gaya musu cewa tsohon ba ya yarda a zubar da ƙanzo, ko an jiƙa tukunya sai ya sa an tace an shanya, in an tambaye shi sai ya ce wanda ya kwana a ganuwa ya san darajarsa. Mu ma a gidanmu har yau ba a zubar da ƙanzo, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. 'Yar ƙaramar ta 1937 kuwa ta ce Kofur ya samo ta ne yana saurayi, lokacin da yake yaron kanti a Adum, ita ma ta yi wasa da ita tana yarinya.

Ranar Asabar na je ganuwar. Sau nawa na wuce ta a mota ban taɓa shiga ba. Na tsaya a tsakar gidan ina duban kaurin bangon jan dutse da ƙanƙantar wurin, ina tuna cewa kwana ashirin da biyu ne tsakanin fitar Gwamna da isowar Willcocks. Maganar ƙanwata ma ba ta bar ni ba, domin abokin cinikina na kusa a Kejetia mutumin Ejisu ne, na kuwa ba shi labarin duka, shi ma ya ce zai tambayi tsofaffinsu abin da suka riƙe.

Mun zauna da 'yan'uwa, yayana ya janye maganar sayarwa, da sharaɗin a rubuta cewa kayan na gida ne gaba ɗaya, ba na wanda ke ajiye da su ba. A takardar sallamar an sami lambar Kofur cikakkiya, sunan bataliyar ne gara ta taɓa. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan tsara abin da na samu don kada ya sake ɓacewa.

Tsohon Malamin Makaranta, Nima, Accra

Madalla, ɗana, Allah ya yi albarka. Labarin ƙanzon nan ya sa na ajiye waya na yi shiru na ɗan lokaci. Sai dai a rubutunka ka raba abin da ƙarfe ya faɗa, da abin da takarda ta faɗa, da abin da Gwaggo ta faɗa, kowanne da ranar da ka same shi. Ɗan ƙarfen Kumassi ya tabbatar da cewa mahaifin Kofur yana cikin waɗanda aka tsare ko waɗanda suka zo ceto, maganar kwana a ganuwa kuwa ta bakin gida ce, rajistar Kew da takardun PRAAD su ne za ka gwada ta da su.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ka ba kowace minda shafinta: hoton gaba da baya da baki, faɗi da nauyi, da rubutun da ke jiki harafi da harafi yadda yake, ko da kuskure ne. Ka ɗauki hoton takardar sallamar yau ɗin nan, ka raba wa 'yan'uwa, asalin kuma a shimfiɗe shi tsakanin farar takarda biyu, kada a liƙa masa komai.

Kafin duk wannan, ka koma Tafo da waya ka naɗi muryar Gwaggo, kada ka jira sai an sami sarari. Ka tambaye ta sunan maigidan Salaga, da inda aka binne kakanta, da waɗanda Kofur ke zama da su ranar 11 ga Nuwamba in an yi taron 'yan mazan jiya, domin jikokinsu suna iya riƙe da takardar da ta ambaci bataliyar da gara ta cinye muku. Ka kuma tambaye ta abin da ya riƙa faɗa game da 28 ga Fabrairun 1948, ranar da aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg da ke Accra suna kan hanyar kai kukan haƙƙinsu wurin Gwamna, tarzomar da ta biyo baya kuma ta iso har Kumasi. Ba sojan Bama da wannan rana ba ta taɓa shi ba. Idan ka shigo Accra ka zo da ta 1937 ɗin, ina da biyu irinta, ɗaya ta alminiyam ɗaya ta tagulla, mu jera su mu ga ko hatimi ɗaya ne ya buga su.